Kumburin Ƙarƙashin Idon Duna

A tsakiyar damina abin ya fara. Saja ya je fito da Duna daga keji da sassafe, sai ya ga ƙullutu ƙasa kaɗan da idonsa na hagu, ya ɗauki zafi, har idon ya ɗan ƙanƙance. Duna kare ne ɗan asalin Beljiyam, irin da ake kira Malinois, shekararsa huɗu, aikinsa shinshina motoci a ƙofar wata ma'aikata a Abuja, ko akwai wadda ta ɗauko abin fashewa. Saja kuwa tsohon soja ne. Ya ajiye kaki, amma muƙamin ya bi shi har ya danne sunan yanka. Ranar nan karen ya cinye abincinsa tas, ya kaɗa wutsiya, ya fita aiki. Saja ya ce rina ce ko kunama, zai sace da kansa.

Bai sace ba. Ya ƙara tasowa, ya nuna, ya fashe, mugunya gauraye da jini ta riƙa tsattsafowa ta wata 'yar kafa. Ganin kafar nan ya sa Saja ya canza zato, kuma zaton nasa da hujja. Duk wanda ya yi kiwon kare a ƙasar nan ya san tsutsar da ke shiga fata da damina: wani ƙuda ne ke zuba ƙwai a ƙasa mai danshin fitsari ko a tsumman da aka shanya, tsutsar ta ƙyanƙyashe, ta huda fatar dabbar da ta kwanta a wurin, ta zauna ciki tana girma, ta bar 'yar kafa tana shan iska ta nan. Maganinta sananne ne: a toshe kafar da man basilin, iska ta yanke mata, ta leƙo, a matse ta. Saja ya toshe, ya jira, ya matsa. Mugunya kaɗai ta fito.

Daga nan sai kemis. Aka sayo kafso na kashe ƙwayoyin cuta, ana cusawa cikin nama ana ba Duna, kafin mako ya zagayo ciwon ya bushe, gashi ya fara rufe tabon. Kowa ya ce alhamdulillahi. Bayan kamar mako uku da ƙarewar maganin, kumburi ya dawo. Aka sake saye, ya sake tafiya, ya sake dawowa. A wani asibitin dabbobi da aka fara kai shi, an tsaga wurin ana neman ƙaya ko ƙarangiya, ba a samu ba, aka wanke, aka ɗinke, aka rubuta wani maganin da ya fi na farko ƙarfi. Kafin hunturu ya kankama ɗinkin ya buɗe daga tsakiya. Masu gadi suka fara raɗe-raɗi: wani ya ce ciwon daji ne, wani ya ce kambun baka ne, don karen ya cika shiga bakin baƙi.

Akwai kuma abin da Saja bai gaya wa kowa ba. Duna ya rage zafin nama a bakin aiki. Yana gano abin da aka ɓoye masa a gwaji, ba ya kuskure, amma rawar jikin nan da yake yi idan an ce ya nemo ta ragu. Saja ya ɗora wa ƙurar hunturu laifi, wai ita ke dushe masa hanci. A ransa kuwa tsoro yake ji kada kamfani ya ce karen ya gama amfani.

Likitar da aka kai wa shi daga baya ba ta fara da taɓa ciwon ba. Kujera ta ba Saja, ta shiga tambaya.

"Baba Saja, duk sanda ya dawo, wuri ɗaya yake fitowa ko yana matsawa?"

"Wuri ɗaya, ranki ya daɗe. A kan tabon jiya na yau yake tsirowa."

"Kuma sai an daina magani yake dawowa?"

"Ƙwarai. Muddin yana sha, lafiya lau."

"Akwai wanda ya duba bakinsa?"

Saja ya yi dariya. "Likita, me ya haɗa ido da baki? Wannan da kike gani, ko loma ba ya ragewa a kwano."

Amsoshi biyun farko sun riga sun rage mata aiki. Maganin kashe ƙwayoyin cuta jini ne ke ɗaukarsa ya kai shi inda ake bukata. Ciwon da ke lafawa ana shan magani, ya farfaɗo da an daina, kuma kullum a wuri ɗaya, alama ce ta cewa akwai wata maɓoya da jini ba ya shiga. Magani yana kashe ƙwayoyin cutar da suka fito fili, na ciki suna nan suna jiran kafso ya ƙare. Irin wannan maɓoya a fuskar kare ba ta da yawa: ko wani abu daga waje da ya nutse cikin nama, ko guntun ƙashin da ya mutu, ko ƙarin da ya ruɓe daga ciki, ko bututun hawayen da ya toshe, ko haƙori. An riga an tsaga an nemi ƙaya. Sai ta bi sauran, ta faro daga mai sauƙi.

Ta ɗiga masa wani ruwa a ido, wanda ke komawa kore shar idan an haska shi da shuɗiyar fitila. Hawayen kare suna gangarawa ta wani siririn bututu daga kusurwar ido zuwa hanci, kuma idan bututun ya toshe ya yi mugunya, a nan ƙasan ido kumburinsa yake fitowa. Ba a jima ba koren ya bayyana a ƙofar hancin hagu. Bututu a buɗe yake, ƙwayar idon kuma ba ko ƙwarzane. Ta soka siririyar allura ta zuƙo abin da ke cikin kumburin, ta shafa a gilashi, ta duba da madubin ƙara girma: fararen ƙwayoyin jini ne jingim da ƙwayoyin cuta, ba ta ga abin da ya yi kama da daji ba.

Sai ta ce a nuna mata yadda ake sallamarsa idan ya yi aiki. Wanda bai san karnukan shinshina ba zai ɗauka da nama ake biyan su. Ladan Duna wata ƙwallon roba ce mai igiya: ya gano abin da aka ɓoye, a jefa masa, ya cafke, ya tattauna, su yi ja-in-ja da Saja. Don ƙwallon nan yake aiki, ba don kishin ma'aikata ba. Saja ya jefa. Duna ya cafe ta a sama, ta faɗa gefen hagu na bakinsa, nan take ya sake ta ta faɗi, ya karkata kai, ya ɗauke ta da gefen dama. Aka maimaita, ya maimaita.

"Tun yaushe yake haka?"

Saja ya yi jim. "Wallahi ina gani, Likita, amma na ɗauka salo ne."

Ta sa aka riƙe kan, ta ɗaga leɓen dama: haƙoran baya farare, sai ɗan rawaya a gindi. Ta ɗaga na hagu: babban haƙorin sama ya lulluɓe da dauɗa mai ruwan ƙasa wadda ta daskare ta yi tauri, ba a ko ganin siffarsa, dasashin da ke kansa ya yi ja. Baki ɗaya, abinci ɗaya, yawu ɗaya, amma gefe guda fes, gefe guda kaca-kaca. Tauna ce ke goge wa kare haƙora. Gefen da ya tara dauɗa haka, an daɗe ba a tauna da shi ba.

Babban kare yana da haƙora 42, mutum 32. Wanda ake magana a kansa shi ne na huɗu a jerin waɗanda ke bayan fiƙa a muƙamuƙin sama. Likitoci suna rubuta shi da lamba 208 idan na hagu ne, 108 idan na dama. Shi da takwaransa na ƙasa ba niƙa suke yi ba, goga juna suke yi gefe da gefe su datse nama da jijiya, kuma duk abu mai tauri da kare ya samu, can yake tura shi. Saiwarsa uku, biyu a gaba, babba ɗaya a baya, kuma dukkansu suna ƙarewa ne cikin ƙashin kunci, ƙasa kaɗan da ido. Ƙashin da ke tsakanin ƙarshen saiwa da fatar fuska siriri ne. Mugunyar da ta taru a can, idan ta nemi mafita, sau da yawa nan take ɓullowa. Wanda ya zauna a ɗakin soro ya san inda ruwa ke ɗiga ba lallai nan rufin ya tsage ba. Wata da watanni ke nan ana yaɓe a inda ake ganin ɗigon.

Duk da haka zato ne har yanzu, kuma kare ba ya wage baki ya jira likita ta gama bincike. Sai da barci. Aka fara auna jininsa, musamman saboda cututtukan kaska, waɗanda suka yi wa karnukanmu katutu, wasunsu kuma suna rage ƙwayoyin da ke tsayar da jini idan an yi yanka. Jini ya fito lafiya. Aka sa shi barci, aka zura masa bututun numfashi, aka yi masa allurar kashe zafi a jijiyar da ke bi ta ƙasan ido.

Da aka kankare dauɗar, abin da take rufewa ya fito. Gefen haƙorin na wajen kunci ya ɓalle, ɓalli a tsaye daga tsini har dasashi, guntun yana nan maƙale da nama yana motsi. A tsakiyar wurin da ya ɓalle akwai wani baƙin ɗigo. Ta ɗora tsinin ƙarfen bincike a kai, ya nutse. Ba jini.

Haƙori ba dunƙule ba ne. A cikinsa akwai rami da ya miƙe har ƙarshen kowace saiwa, cike da ɓargo mai taushi, mai jijiyoyin jini da na jin zafi. Farin ɓawon da ke rufe haƙori ta waje, a bakin kare bai kai kaurin milimita ɗaya ba, alhali na mutum yana kai biyu da rabi a kan matauna. Idan karaya ta buɗe ramin, ƙwayoyin cutar baki su shiga, ɓargon ya kumbura a inda ba sararin kumbura, ya shaƙe jijiyoyin jininsa, ya mutu. Rashin jinin da ta gani shaidar mutuwarsa ce. Ga maɓoyar da ake nema: ruɓaɓɓen rami, buɗe ta wajen baki, ba jinin da ke shiga balle magani.

Saura a tabbatar cewa kafar da ke fuska daga nan take. Ta ɗauko wani siririn tsinke mai laushi na gatafaca, daskararren danƙon wata bishiya ta yankin Malesiya, wanda ake gauraya shi da sinadarin da ke fitowa fari a hoton ƙashi. Ta zura shi ta kafar a hankali har ya tsaya da kansa, sannan aka ɗauki hoto. Farin layi ya taso daga ƙasan ido, ya gangaro, ya dire a kan ƙarshen saiwar baya ta 208. Kewaye da wurin akwai baƙar da'ira, inda ƙashi ya zaizaye. Saiwoyin gaba biyu ma suna da nasu, ƙanana.

Saja ya daɗe yana kallon hoton. "Ke nan duk watannin nan haƙori ke cinsa, yana kuma cin abinci?"

Ba abin da ya fi ɓatar da masu dabbobi irin wannan lissafi. Kare yana da gefe biyu, yawancin abincinsa ma haɗiya yake yi, kuma yunwa ta fi ciwon haƙori ƙarfi. Zafi mafi tsanani yana farkon karaya, lokacin da ɓargon yake buɗe da ransa. Idan ya mutu sai ciwon ya koma zugi a gindi, ya tsananta idan mugunya ta taru, ya lafa idan ta samu mafita. Wato ranakun da Saja ya fi shiga tashin hankali, fuska na zubar da mugunya, su ne ranakun da Duna ya fi samun sassauci. Hancinsa kuwa lafiyarsa ƙalau, ƙurar hunturu ba ruwanta. Ladan ne ya koma azaba. Karen da ake biya da abin taunawa, taunar kuma tana yi masa ciwo, ina zai samo ɗoki?

Da an kawo shi ranar da haƙorin ya karye, da wata magana ake yi. Akwai aikin da ake yanke saman ɓargon da ya gurɓata kawai, a rufe sauran da magani, haƙori ya ci gaba da rayuwa. Amma aiki ne mai gudun lokaci. A binciken da likitan haƙorin dabbobi David Clarke na Ostireliya ya wallafa a 2001, haƙoran da aka yi wa aikin cikin awa 48 kusan 88 cikin 100 sun rayu. Waɗanda suka kai mako, kusan 41. Waɗanda suka kai mako uku, ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu. Ga Duna wannan dama ta wuce tun damina. Abin da ya rage, ko a cire haƙorin, ko a yashe cikinsa a cike shi.

Cirewa magani ne na gaskiya, kuma a ganina ga mafi yawan karnukan gadi da na farauta a garuruwanmu shi ya fi dacewa: aiki ɗaya, ciwo ya ƙare, kare ya koma kan kwanonsa. Sai dai wannan haƙorin ba fizgar da ake yi da filaya ba ce. Sai an yanka dasashi an ɗaga, an rage ƙashi, an raba haƙorin gida uku, an fitar da kowace saiwa ita kaɗai, an ɗinke. Hannu ya kuɓuce, ƙarfe yana iya kaiwa ido, ko guntun saiwa ya faɗa kogon hanci. Duna kuwa hancinsa ne jarinsa, taunawa kuma ita ce albashinsa. Kamfani ya auna kuɗin aikin da kuɗin horar da sabon kare, ya ce a ceto haƙorin. Na san abin da wani mai karatu ke faɗa a ransa: a ƙasar da mutum ke kwana yana danna kanumfari a kogon haƙori, har kare ake yi wa ciko? Maganarsa da nauyi. Abin da zan ce kawai, wannan karen shi ke tsayawa tsakanin motar da ba a san abin da ta ɗauko ba da ɗaruruwan ma'aikata.

A wasu ƙasashe likitancin haƙorin dabbobi fanni ne mai cin gashin kansa. A Amurka tun 1988 aka kafa kwalejin ƙwararrunsa. Likitar Duna ta yi abin da ake yi inda irin waɗannan ƙwararru suka yi ƙaranci: ta gayyato likitan haƙorin mutane da kayan aikinsa, ita tana lura da barcin karen, tana kuma nuna masa inda bakin kare ya saɓa da na mutum.

Da farko suka cire guntun da ke lilo don su ga iyakar karayar. Da ta kai inda saiwoyin suka rabu, da magana ta ƙare, sai cirewa. Ba ta kai ba; ta shiga ƙarƙashin dasashi kaɗan ta tsaya. Suka ɗaga dasashin, suka ɗan rage ƙashi, suka ɗinke naman a sabon wuri yadda bakin karayar zai fito fili, kada ya zama aljihun tara abinci. Sannan aka huda saman haƙorin, aka shiga ramin kowace saiwa da siraran allurai masu kaifin magagari, daga ƙarama zuwa babba, ana goge bango ana kwaso ruɓaɓɓen ɓargo, ana ɗaukar hoto don a san an kai ƙarshe ba a zarce ba. Tsakanin allura da allura ana wanke ramin da sinadarin nan da ke cikin ruwan bilic na wanki, don yana narkar da mataccen nama yana kashe ƙwayoyin cuta. Saiwar gaba ta wajen ganɗa ce ta fi ba su wahala, siririya ce kuma a karkace. Aka busar da ramukan da tsinkayen takarda, aka shafa abin liƙi, aka danna gatafaca har ya cika su dam, aka rufe saman da farin ciko mai daskarewa da hasken fitila. Bayan 'yan makonni aka sake sa shi barci aka ɗora masa hular ƙarfe da aka ƙera daidai da haƙorin.

Haƙorin bai dawo da rai ba, kuma ba a bukatar ya dawo. Siraran zaruruwan da ke ɗaure saiwa da ƙashi suna samun jininsu ta waje, don haka mataccen haƙori mai tsabtar ciki yana iya zama daram yana aiki shekaru. Kafin mako biyu kafar fuska ta rufe, wannan karon ba da kafso ba. Duna ya koma tsalle idan ya ga ƙwallo.

Da wata shida ya cika likitar ta ce a dawo da shi a sake hoto, Saja bai ga dalili ba. Fuska sumul, aiki ya dawo. Ta dage. Binciken da aka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, aka wallafa a 2002, ya bi saiwoyin haƙori 127 na karnuka da aka yi wa irin wannan ciko: 69 cikin 100 sun warke sarai, 26 ba alamar matsala, 6 aikin bai ci ba, kuma saiwar da ƙashin gindinta ya riga ya zaizaye kafin aiki ta fi saurin ba da kunya. Duna yana cikin wannan rukuni, kuma ido ba ya ganin cikin ƙashi.

Hoton ya nuna saiwoyin gaba biyu sun warke, sabon ƙashi ya cike gurbinsu. Baƙar da'irar saiwar baya kuwa tana nan, har ta ɗan faɗaɗa. Da aka ɗaga leɓe sosai, can sama a jikin dasashi, sai ga wani ɗan ƙurji da ba wanda zai lura da shi. Mugunyar ta sami sabuwar ƙofa ta cikin baki, karen yana haɗiye ta ba wanda ya sani.

To daga ina? Suka sake bi daki-daki. Ko hular ƙarfen tana yoyo? Bakinta a liƙe yake ko'ina. Ko saiwar ta tsage a tsaye? Da haka ne, da ƙarfen bincike ya zurma a wuri ɗaya a gefen haƙorin. Bai zurma ba. Ko cikon bai kai ƙarshe ba? A hoto ya kai, ba rata ba kumfa. Likitan mutane ya ce a cire hula a sake yashewa daga sama. Ita ta ce ko sau nawa aka yashe ba za a kai wurin ba, ta zana masa dalili a takarda. Saiwar haƙorin mutum galibi da ƙofa ɗaya babba take ƙarewa, allura tana kaiwa bakinta. Ta babban kare ba haka take ba: ramin yana tsayawa kafin ƙarshe, daga nan ya rarrabu zuwa ƙananan kafofi masu yawa waɗanda ido ba ya gani, ba allurar da ke shiga. Yawanci idan an tsabtace babban ramin, jiki yana gamawa da sauran. Amma ciwon da ya kwana watanni yana ba ƙwayoyin cuta damar kafa gida a cikin kafofin nan da kuma bayan saiwar. Maɓoyar ta ragu ne kawai, ta koma 'yan milimita na ƙarshe.

Abin da ba ya yashuwa sai a yanke shi, kuma ta sama ake zuwa masa. Suka yanka naman da ke saman haƙorin suka ɗaga, suna kaffa-kaffa da abu biyu: bututun yawu da ke buɗewa daidai wannan haƙori, da jijiyoyin da ke ratsawa ta ƙasan ido. Suka buɗe 'yar taga a ƙashi, wanda dama ciwon ya riga ya rarake, suka kwashe ruɓaɓɓen naman da ya cika gurbin, suka datse kimanin milimita uku zuwa huɗu na ƙarshen saiwar, da kafofinta da abin da ke cikinsu. A sabon bakin saiwar suka haƙa ɗan rami suka toshe shi da wani gari da ake kira MTA, wanda Mahmoud Torabinejad na Jami'ar Loma Linda a Amurka ya samar a shekarun 1990. Asalinsa siminti ne, ɗan'uwan na gini, an tace shi. Abin da ya sa likitoci ke son sa shi ne yana daskarewa a cikin danshi, kuma ƙashi da nama ba sa gudunsa. Aka mayar da naman aka ɗinke da zare mai narkewa. Mako biyu na abinci mai laushi, ba ƙwallo. Hoton da aka ɗauka bayan wasu watanni shida ya nuna tagar ta cike, baƙar da'irar ta ɓace.

Amma a ranar tiyatar nan ta ga wani abu da ya dame ta fiye da ƙurjin. Tsinin 108, takwaran haƙorin a gefen dama, ya ɗan ɓalle, sabon ɓalli fari tas, wanda babu shi wata shida da suka wuce. Tun ranar farko ta tambayi abin da ya karya na hagu, Saja ya rantse ban da abincin kamfani da ƙwallon roba ba abin da ke shiga bakin karen. Ta yi zaton cizon ƙarfen keji, amma karen da ke haka bayan fiƙoƙinsa ne ke cinyewa, har a ga shatin ƙarfe. Na Duna lafiya lau. Mai wasa da duwatsu kuma kan haƙoransa ne ke dakushewa gaba ɗaya. Nasa da kaifinsu. Ɓalli a tsaye a gefen wannan haƙorin abu ɗaya yake nufi: an datsa wani abu mai tauri da dukan ƙarfin muƙamuƙi, abin ya ƙi ba da kai, haƙorin ya bayar. Sabon ɓallin kuwa yana nufin abin yana nan har yanzu.

Saja ya koma ya ɗaga katakon da Duna ke kwanciya a kai. A ƙarƙashi ya tarar da ƙasusuwan ƙafar sa, an gwaguye su sun yi santsi, da ƙofato biyu. Bai sha wahalar gano hanyarsu ba. Matar da ke dafa abinci a kantin ma'aikatar, wadda kowa ke kira Inna, duk ranar da ta yi farfesun ƙafar sa sai ta ware wa Duna rabonsa, ta ba mai gadin dare ya jefa masa. Ƙauna ce zalla. Da aka kawo ta gaban likita ma ba ta ga laifinta ba.

"Haba 'yar nan, kare da ƙashi? Tun kaka da kakanni. Kura fa, wa ke kai ta asibiti?"

"Ba mai kai ta, Inna. Amma haƙoranta suna karyewa."

Gaskiya ta faɗa. Blaire Van Valkenburgh ta Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas ta duba ƙoƙunan kan manyan namun daji masu cin nama da ke ajiye a gidajen tarihi, ta wallafa a 1988 cewa kusan ɗaya cikin huɗu ya karya aƙalla haƙori ɗaya yana raye, kuma kuraye, masu fasa ƙashi, su ne kan gaba. A Jami'ar Pennsylvania kuma an gwada danna irin haƙorin nan na Duna har ya fashe, aka ga a matsakaici nauyin da ya kai kimanin kilo 130 ya isa, ƙarfin da muƙamuƙin kare ke iya kaiwa idan ya samu abin da ya ƙi karyewa. Ƙashin ƙafar sa, wanda aka halitta don ya ɗauki bijimi, yana cikin irin waɗannan. Haka ƙofato da ƙaho. Likitar ta nuna wa Inna gwajin da likitocin haƙorin dabbobi ke koya wa masu karnuka: a danna abin da farcen babban yatsa, idan bai lotsa ba, kada a bayar. Inna ta danna farce a ƙashin, ta duba, ta taɓe baki.

"To nama fa?"

"Nama kam, Inna, sai ki shirya da Baba Saja."

Ɓallin haƙorin dama bai kai ɓargo ba. An goge bakinsa an shafe shi da ciko tun Duna yana cikin barcin tiyatar, kuma an sa shi a jerin hoton da za a riƙa ɗauka duk shekara tare da na hagu.